Ƙanƙara a Watan Agusta: Yadda Injin Ƙaramin Jirgi Ya Mutu a Sararin Fadamar Rima

Jirgin, matuƙin da aikin da aka ba su

Jirgin Cessna 172 ne mai kujera huɗu, tsohuwar ƙira mai kafireta. Injinsa ɗaya ne, Lycoming O-320, silinda huɗu, ƙarfin doki 160. Farfelarsa a kafe take, ba a sauya mata kwana, saboda haka agogon juyin inji ne kaɗai ke gaya wa matuƙi ƙarfin da yake samu. Tankunan mai biyu suna cikin fukafukai, sama da inji, man yana gangarowa da kansa ba famfo. A tafiyar yau da kullum yana shan kimanin galan 8 a awa. Wani kamfani mai zaman kansa ya ɗauko shi haya ya kawo shi Sakkwato a watan Disamba, don ɗaukar hoton gonaki daga sama. An sakaya sunan kamfanin da na mutanen da abin ya shafa.

Aikin shi ne bin Gulbin Rima daga madatsar ruwa ta Goronyo, a gangaro ta Wurno da Kware har inda ya haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birni, ana duba yadda ruwa ke shiga fadama da yadda yake janyewa. Mutanen Sakkwato ba su manta ambaliyar 2010 ba, wadda ta cinye gonaki ta kuma yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo, don haka masu zuba kuɗi a noman shinkafa suna son ganin fadamar da idonsu mako-mako. Mutum biyu ne ke tashi kullum: matuƙi a kujerar hagu, mai ɗaukar hoto a ta dama.

Matuƙin yana da awa kusan 900 a sama. Mafi yawansu ya yi su ne a jirage masu fesa mai dab da bakin silinda, waɗanda ba su da kafireta sam. Wannan jirgin kuwa yana da wani hannu kusa da totur wanda ake ja don ɗumama kafireta. In aka ja shi, sai wani marfi ya rufe hanyar iskar waje da ke bi ta filta, ya buɗe wata hanya da ke kawo iska mai zafi daga gwangwanin da ya lulluɓe salansa. Wannan iska mai zafi ba ta bi ta filta. Matuƙin ya iso ne tsakiyar hunturu, lokacin da ƙurar hazo ke rufe gari, kuma injiniyan da ke kula da jirgin ya ja masa kunne kada ya riƙa barin hannun a waje in suna ƙasa, don ƙura kan ci zoben fistin da bangon silinda. Daga nan, in ya zo gwajin inji kafin tashi, sai ya ja hannun ya mayar nan take. Allurar agogo takan ɗan motsa, da kyar ake gani. Daga Disamba har Yuni bai taɓa jan hannun a sama ba. A Afrilu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, ba kuma wanda ya yi zancen ƙanƙara.

Yuli: misin sau biyu, gyara sau biyu

Damina ta zauna a ƙarshen Yuni. A mako na biyu na Yuli, da safe, suna kewaya gonakin shinkafa na wajen Wurno, inji ya fara misin yana girgiza jirgi. Matuƙin ya tura totur har ƙarshe, ya hau sama, ya juya gida. Bayan 'yan mintoci girgizar ta lafa, suka sauka lafiya. Abin da ya rubuta a littafin jirgi layi ɗaya ne: inji ya yi misin na ɗan lokaci, ya daina.

Injiniyan ya fara da abin da kowa zai fara zargi da damina, wato ruwa a mai. Man irin waɗannan jirage, 100LL, shuɗi ne, kuma ruwa ya fi shi nauyi, yakan kwanta a gindin kofin gwaji fari tas. Da ya tsiyayo daga tankin hagu sai ga ɗigo biyu ko uku. Ya duba murfin tankin ya tarar robar ta tsage. Ya sauya ta, ya tsiyaye tankunan har suka fito da mai zalla, ya tayar da inji ya kai shi juyi 1,700 a minti, ya gwada maganeto, wato na'urori biyu da ke ba fulogi wuta, na hagu da na dama ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'ida ita ce kada juyi ya ragu fiye da 125 a kowane ɗaya, kada kuma bambancinsu ya wuce 50. Duka biyun sun tsaya cikin iyaka. Ya sa hannu. Kowa ya gamsu, tunda an ga ruwan da ido.

Bayan kwana goma sha biyu abin ya dawo, da safe kuma, a wajen Kware. Matuƙin ya sake yin yadda ya yi a karon farko, inji ya sake warwarewa. Wannan karon ba a sami ruwa a mai ba. Injiniyan ya kwance fulogi takwas ɗin, biyu a kowace silinda, ya tarar na ƙasa sun tara dattin dalma, abin da man 100LL ya saba bari. Ya wanke shida, ya sauya biyu. Ya duba saitin wutar maganeto, ya gwada matsin silinda, kowace ta ba da sama da 70 cikin 80. Ya sauya filtar iska. Inji ya yi aiki sumul a ƙasa.

Tafiya uku da suka biyo baya ba a ji komai ba. Biyu daga ciki zuwa Birnin Kebbi ne da dawowa, bayan azahar, rana tsaka, totur a juyi 2,400 tun daga tashi har shirin sauka. Ta ukun gwaji ne na minti ashirin a kewayen filin jirgi. Aka ɗauka fulogi ne, an kuma gama da shi.

Safiyar Laraba, mako na biyu na Agusta

An kwana ana ruwa, bai ɗauke ba sai gab da asuba. Bayanin yanayi da matuƙin ya karɓa kafin tashi ya nuna zafi digiri 27, ma'aunin saukar raɓa (zafin da in iska ta huce ta kai shi, laimarta ke zama raɓa) digiri 21, iska daga kudu maso yamma mai sauƙi, da gajimare a warwatse kimanin ƙafa 2,400 sama da ƙasa. Ya tsiyayi mai daga tankuna biyu da matatar ƙarƙashin inji, babu ruwa. Akwai galan 30 a tankunan biyu gaba ɗaya. Ya yi gwajin inji yadda ya saba, ya ja hannun ɗumama kafireta ya mayar.

Ƙarfe 8:45 suka tashi daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, wanda ke kudu da birni, kimanin ƙafa 1,000 sama da teku. Suka nufi arewa maso gabas. Mai hoto yana son a hau iya yadda za a iya ba tare da gajimare ya shiga tsakaninsa da ƙasa ba, don haka matuƙin ya tsaya ƙafa 3,200 a agogo, wato kimanin 2,200 sama da gonaki, dab da gindin gajimaren. Ma'aunin zafin waje yana nuna digiri 20.

Ƙarfe 9:15 suka isa fadamar da ke tsakanin Wurno da Goronyo. Matuƙin ya rage totur daga 2,400 zuwa 2,000 don jirgi ya tafi a hankali, hoto ya fito. Wannan ya sa allura ta faɗo ƙasa da koren layin da ke jikin agogon juyin inji, wanda ke nuna juyin da inji ya saba aiki a kai. Suka shiga kewayawa.

Ƙarfe 9:27 ya lura jirgi yana ɗan saukowa, allura kuma ta koma 1,900 alhali bai taɓa komai ba. Ya ɗauka totur ne ya zame saboda girgiza, ya ɗan tura shi, ya ɗaure kusarsa. Bayan minti huɗu allura ta sake faɗowa, inji ya fara misin. Ya tura totur har ƙarshe kamar yadda ya yi a Yuli. Wannan karon bai wuce 2,000 ba.

Nan ya ja hannun ɗumama kafireta, karo na farko a sama tunda ya karɓi jirgin. Inji ya ƙara rikicewa, yana tari yana ɗaukewa. Ya jira kamar daƙiƙa goma, ya ga abin gaba yake yi, ya mayar da hannun. Ya juya makunnin mai daga tankuna biyu zuwa na dama kaɗai, yana tunanin ruwan tankin hagu ne ya dawo. Ya gwada maganeto ɗaya-ɗaya. Ya tabbatar hannun cakuɗa mai da iska yana ciki gaba ɗaya. Ba abin da ya sauya. Ƙarfe 9:33 allura ta faɗo 1,200, kuma iska ce kawai ke juya farfela. Ya sake jan hannun ɗumamawa ya bar shi a waje, amma salansa ya riga ya fara hucewa. A wannan kai-kawo sun yi asarar ƙafa 400.

Minti biyu da rabi

Saura ƙafa 1,800 tsakaninsu da ƙasa. Filin jirgin Sakkwato yana nesa da kusan kilomita 50. Littafin wannan jirgi ya ce in inji ya mutu a riƙe gudun 65 a agogo, kimanin kilomita 120 a awa. A wannan gudun jirgin yana cin kusan mita tara gaba a duk mita ɗaya da ya sauko, wanda ke nufin daga inda suke ba za su wuce kilomita biyar ba, kuma suna da minti biyu da rabi ko ƙasa da haka. Matuƙin ya daidaita hancin jirgi a 65, ya murɗa wilin daidaita wutsiya har jirgin ya riƙe gudun da kansa, ya bar inji ya shiga duba ƙasa.

"Kyaftin, lafiya kuwa?" in ji mai hoto.

"Malam, aje kyamarar nan ƙarƙashin kujera, ka matse bel ɗinka sosai. Sauka za mu yi."

Abin da ke ƙarƙashinsu kai tsaye fadama ce, shimfiɗaɗɗiya, koriya shar, wuri mafi kyau a ido. Amma shinkafa tana tsaye cikin ruwa ne, kuma jirgi mai ƙafafu a kafe in tayoyinsa suka nutse a taɓo yakan wuntsila ya kife. Akwai kwalta can gefe, sai dai turakun wutar lantarki na biye da ita, ga motoci da babura. Gonakin tudu kuwa gero ne da dawa, a Agusta sun fi tsayin mutum, ba a ganin kunyoyin da ke ƙarƙashi balle a san ta ina suka miƙe. Abin da ya rage shi ne wani jan faƙo a kan tudu, kimanin kilomita uku, wanda burtali ya ratsa ta gefensa. Ya yi ƙiyasin tsawonsa mita 400, kuma ya miƙe kusan daidai da inda iska ke fitowa. Littafin jirgin ya nuna a titi mai kyau tayoyi kan yi gudun mita 160 ko sama da haka kaɗan kafin su tsaya. Ya zaɓi faƙon, bai ƙara duban wani wuri ba.

Ya kira hasumiyar Sakkwato, ya faɗi "Mayday" sau uku, ya ba da lambar jirgi, inda suke, mutum nawa ne, da abin da zai yi. Ya sa 7700 a na'urar da ke nuna jirgi ga rada, lambar da duk duniya ta sani ta gaggawa. Hasumiya ta amsa. Kiran bai ci fiye da daƙiƙa ashirin ba.

A ƙafa 800 ya ga zai iso da ɗan rarar tsayi. Ya ɗan faɗaɗa kwana don ya cinye rarar, bai sauke filaf ba tukuna, wato ɓangaren bayan fiffike da ake lanƙwasawa ƙasa don rage gudu, domin in aka sauke shi jirgi kan zube da sauri, ba a kuma iya dawo da tsayin da aka rasa. Ya ja hannun cakuɗa mai ya kashe, ya rufe makunnin mai, ya kashe maganeto. Sai da ya tabbatar zai kai faƙon sannan ya sauke filaf gaba ɗaya, ya rage gudu zuwa 60, ya kashe babban makunnin batir. Filaf ɗin wannan jirgi da lantarki yake aiki, shi ya sa batir ya zama na ƙarshe. Ya ce wa mai hoto ya buɗe sakatar ƙofarsa, shi ma ya buɗe tasa, don kada jiki ya lotsa ƙofofi su maƙale.

Saura kamar ƙafa 150 ya hango gawo a bakin faƙon, ɗan dama da layinsa. Gawo da damina yake zubar da ganye, ya tsaya da rassa masu launin toka, daga sama ba ya bambanta da ƙasa. Ya ɗan karkata hagu. Ƙarshen fiffiken dama ya shafi rassan sama, fitilar da ke wurin ta fashe. Bai ja hanci sama ba.

Manyan tayoyi suka taɓa ƙasa kimanin mita 100 daga farkon faƙon. Ya riƙe sitiyari a jikinsa don tayar gaba ta daɗe a sama, ya taka birki. Faƙon ya fi yadda ya zata gajarta. Bayan mita 200 da ɗoriya suka faɗa gonar gyaɗa, kunyoyinta a gicciye, jirgi yana gudun da bai fi na keke ba. Tayar gaba ta nutse a yashi, ƙafarta ta lanƙwashe, jirgi ya dungura da hanci, wutsiya ta ɗaga ta dawo. Ƙarfe 9:36.

A ƙasa

Duka biyun suka fito da ƙafarsu. Mai hoto ya sami ƙujewar bel a kafaɗa, matuƙin ya fasa leɓe. Manoman da ke noma a kusa suka sheƙo, kafin minti goma wuri ya cika. Matuƙin ya roƙi a ja baya, kada kowa ya kunna ashana ko taba, domin akwai mai a fukafukai. Da maigari ya iso ya ce, "Sannunku da arziki. Ba wanda ya karye?"

"Babu, ranka ya daɗe. Allah ya kiyaye. Taimakon da muke nema, kada a bar kowa ya taɓa jirgin."

Maigarin ya sa samari huɗu gadi. Mai hoto, da hannunsa ya daina rawa, ya ɗauko kyamara ya zagaya jirgin yana ɗauka ta kowane gefe. Daga baya kamfanin ya biya mai gonar kunyoyin da aka tattake, bisa kuɗin da maigari ya yanke.

Binciken da aka yi a rumfar gyara

An kai rahoto yadda doka ta tanada. A Najeriya binciken haɗarin jirgi yana hannun hukumar NSIB, wadda ta gaji tsohuwar AIB, kuma ba a ɗaga jirgi daga inda ya faɗi sai an ba da izini. Abin da ke tafe a nan shi ne abin da injiniyan kamfanin ya gani da kansa bayan an kwance fukafukai an kawo jirgin Sakkwato a tirela.

An auna galan 23 a tankuna, daidai da lissafin minti hamsin na tafiya. Babu ruwa a ciki. Matatar mai tsaf, bututun mai a buɗe, maganeto biyu suna ba da wuta, filtar iska sabuwa. Aka ɗaura wata farfela ta aro aka murɗa makulli, inji ya tashi bugu ɗaya, ya kai juyi 2,300 a tsaye, abin da ake sa ran lafiyayyen inji ya bayar. Karo na uku ke nan da inji ya ƙi aiki a sama ya yi lafiya lau a ƙasa, kuma wannan ne ya sa injiniyan ya fara tunanin abin da ke narkewa ya ɓace kafin a buɗe murfi.

Cikin kafireta akwai maƙogwaro da ke matse iska ta ƙara gudu, matsinta ya faɗi, ta tsotso mai. Faɗuwar matsi tana sanyaya iska, man da ke zama tururi kuma yana ƙara zuƙe zafi. Duk bakaniken da fetur ya zuba masa a hannu ya san sanyin da yake bari. Abubuwan biyu in sun haɗu, zafin cikin maƙogwaron kan iya raguwa da digiri 20 zuwa 30, ko fiye. Iskar da ta shigo da digiri 20 ke nan tana iya komawa ƙasa da sifili, laimar da ke cikinta ta daskare a bango da kan faifan totur, wato marfin da totur ke buɗewa ko rufewa don iska ta wuce. In totur yana a rage, faifan ya kusa rufewa, ƙanƙara kaɗan ta isa ta toshe ragowar hanyar. Littafin koyar da matuƙa na hukumar jiragen saman Amurka, FAA, ya ce abin ya fi faruwa in zafi bai kai digiri 21 ba kuma laima ta haura kashi 80 cikin 100, amma yana iya faruwa har a digiri 38 da laimar kashi 50. Dab da gindin gajimare, inda suka yi minti goma sha shida suna kewayawa, iska ta kusa cika da laima gaba ɗaya.

A jirgi mai kafaffiyar farfela, alamar farko ita ce allurar juyi ta riƙa faɗowa a hankali, sannan misin. In aka ja hannun ɗumamawa, inji yakan ƙara lalacewa da farko, saboda iska mai zafi ba ta da kauri, ga kuma ruwan ƙanƙarar da ke narkewa yana shiga silinda. Wannan kan ɗauki daga rabin minti zuwa mintoci kaɗan kafin inji ya warware. Zafin kuwa daga salansa yake zuwa, in inji ya mutu babu shi.

Sai injiniyan ya bi hanyar iskar zafin da hannu. Tiyon da ya haɗa gwangwanin salansa da akwatin kafireta ya tsage ta ƙasa, tsagar tsawon ɗan yatsa, a wurin da ba a gani sai an lanƙwasa shi. Iskar sanyi tana shiga ta nan tana gauraya da mai zafi. Ya gwada a ƙasa: da tsohon tiyo, in aka ja hannun a juyi 1,700, allura takan ragu da 20 zuwa 30. Da sabo ta ragu da kusan 100. Raguwar ita ce shaidar cewa zafi yana isa. Matuƙin ya yi wata takwas yana ganin allura ba ta motsi sosai, yana ɗauka alamar ƙarfin inji ce.

Kyamarar mai hoto ta taimaka ta hanya biyu. Lokacin da ke jikin kowane hoto ya ba da damar jera abin da ya faru minti bayan minti. Sannan a hotunan da ya ɗauka minti bakwai bayan sauka, ana ganin ruwa yana ɗiga daga ƙarƙashin akwatin kafireta ya jiƙa yashi. Wannan kaɗai bai isa hujja ba a safiyar da aka kwana ana ruwa. Amma da aka nemo bayanan yanayi na ranaku biyun Yuli, sai aka ga duka safiya ce bayan ruwan dare, duka kuma totur a rage ake kewayawa ƙarƙashin gajimare. Tafiye-tafiyen Birnin Kebbi, da ba a ji komai ba, da rana aka yi su kuma totur a buɗe.

Tunda farfela ta bugi ƙasa, ƙa'idar masu ƙera injin ta wajabta a kwance shi a duba ƙaramshaf da giyoyinsa. Wannan, da jiran ƙafar gaba da sabuwar farfela daga waje, ya ajiye jirgin har bayan girbi.

Daminar da ta biyo baya

Kafin jirgin ya koma aiki an sauya tiyon, an ƙara agogon da ke nuna zafin cikin kafireta, an kuma rubuta a takardar gwaji cewa a riƙe hannun ɗumamawa a waje daƙiƙa goma sha biyar, a kan kwalta mai tsabta, a karanta raguwar allura a rubuta. Duk lokacin da totur zai sauko ƙasa da koren layi, a ja hannun gaba ɗaya tun kafin a rage. Matuƙin ya yi awa uku da wani malamin tuƙi suna maimaita saukar gaggawa.

A ƙarshen Yulin da ya zagayo, wata safiya bayan ruwa, suna tafiya a juyi 2,300 sai allura ta zame zuwa 2,200. Ya ja hannun. Inji ya yi tari, ya yi misin, mai hoto ya kalle shi. Ya bar hannun a waje yana kallon agogon hannunsa. Bayan kamar daƙiƙa arba'in girgiza ta tsaya, allura ta fara hawa. Da ya mayar da hannun ta koma 2,300 daidai. Suka ci gaba da aiki.

Hukunci

Injiniyan yana ganin tsagaggen tiyo ne ya kayar da jirgin. Matuƙin yana ɗora wa kansa, yana cewa daƙiƙa goma ɗin nan ne, yakan kuma ƙara da cewa sabo turken wawa. A ganina kowannensu ya kama wani ɓangare ya bar babban. Tiyon ya rage zafi, bai kashe shi ba, kuma da an ja hannun ƙarfe 9:27, lokacin da inji ke ba da juyi 1,900 salansa na da zafi, akwai kyakkyawan zaton ya isa. Ƙarfe 9:31 kuwa ƙanƙarar ta yi kauri, wataƙila ko da ya jure, zafin da ke isowa ta tsagaggen tiyo ba zai narkar da ita kan lokaci ba. Dama ta gaskiya ta wuce a waɗancan mintoci huɗu da ya ɗauka totur ne ya zame.

Gargaɗin da aka yi masa kan ƙura daidai ne, amma na lokacin da jirgi ke ƙasa ne kuma na hunturu. Ba a gaya masa inda gargaɗin ya tsaya ba, shi ma bai tambaya ba. Gyare-gyaren Yuli ma ba aikin banza ba ne, robar murfi ta tsage da gaske, fulogi sun yi datti da gaske. Illarsu ita ce kowane ya samar da abin nunawa, aka daina nema. Injin da ya yi shekaru yana aiki, duk ranar da aka buɗe shi za a sami wani abu.

Abin da ya fitar da su da rai ba shi da alaƙa da inji. Ya riƙe 65 tun daga ƙafa 1,800, ya ƙi fadama duk da kyanta, ya zaɓi wuri ɗaya da wuri ya tsaya a kai, ya jinkirta filaf, bai kuma ja hanci sama ba da ya ga gawo, wanda a wannan tsayi da wannan gudu zai iya sa fiffike ya daina ɗaukar jirgi. Ƙiyasinsa na tsawon faƙon ya yi kuskure da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma saboda ya fuskanci iska ya taɓa ƙasa a mafi ƙarancin gudu, kuskuren ya tsaya a kan ƙafar gaba da farfela.

Wurin da na fi ganin rauni shi ne littafin jirgi. Layi ɗaya da aka rubuta a mako na biyu na Yuli bai faɗi tsayi ba, bai faɗi juyin inji ba, bai ce an kwana ana ruwa ba, bai ce a gindin gajimare ake ba. Injiniyan da ke ƙasa kuwa, da wannan layin kaɗai ya yi aiki, ya kuma nemi abin da za a iya samu a ƙasa. Takardar kai ƙorafi da kamfanin ke amfani da ita yanzu tana da gurbin tsayi, juyin inji, zafin waje, ma'aunin saukar raɓa, da ko an ja hannun ɗumama kafireta da tsawon lokacin da aka bar shi a waje, kuma injiniya ba ya karɓar ta sai an cike su duka.